Gwiwar ƙafar gaba na yoyon man giya: dole sai an buɗe cikin aksul kafin a canza sil?

Dan_Tamanin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da Land Cruiser 80, ƙirar 1996, irin mai jan ƙafa huɗu kullum. Kusan wata biyu ke nan gwiwar ƙafar gaba ta hagu take jiƙewa. Da farko giris ne baƙi mai kauri ya taru a bayan ƙwallon nan da taya ke juyawa a kansa, na ce tsufa ne, na share. To yanzu abin ya tsinke, ɗiga yake yi har cikin taya, ga warin man giya. Jiya na kwance notin awo na aksul na zura yatsa, ban taɓo mai ba. Bakanike na farko ya ce sil na ciki, wato zoben robar da ke tare mai, ne ya mutu, kuma sai an buɗe tsakiyar aksul an fito da kayan cikinsa kafin a kai gare shi. Na biyu ya ce ta wajen taya ake cirowa, ba ruwansa da tsakiya. Wanne ne mai gaskiya? Sannan aiki ne da zan iya yi da hannuna? Ina da jak, da sifanoni, kuma na saba canza birki da boris.

Mai_Jif: Wa alaikumus salam. Na farkon ne ya san aiki. Na yi wannan da kaina bara. Sai ka zare shaf biyu, ka buɗe murfin tsakiya, ka fito da kan giyar gaba ɗaya, sannan ka ga sil ɗin suna zaune a bakin bututu ta ciki. Babu wata gajeriyar hanya. Wanda ya ce maka ta taya ne, sil na boris yake nufi.

Oga_Sifana: Mai_Jif, a wace mota ka yi?

Mai_Jif: Jeep Cherokee, ƙirar 1998.

Oga_Sifana: To shi ya sa. Abin da ka faɗa daidai ne a motarka, amma ba a tasa ba. Aksul ɗinka Dana 30 ne, shi sil ɗinsa can ciki suke, dab da kan giya, bututun kuma a bushe yake har zuwa taya. Na Malam Dan_Tamanin wani gini ne daban. Man giya na cika bututu har ƙarshe, sil ɗin kuma yana bakin bututun ta waje, a cikin ƙwallon nan da ya ambata. Aikinsa shi ne ya raba man giya da giris ɗin da ke cikin gwiwa. Da zarar ya saki, mai ya gangaro ya narkar da giris, sai ka ga wannan baƙin ruwan yana bin bayan ƙwallo. Saboda haka bakanike na biyu ne ya faɗi daidai, ba a taɓa tsakiya. Aksul ɗinsa ma ba shi da murfin da ake kwancewa irin naka, idan za a fito da kan giyar ta baya ake zaro shi ɗungurungum.

Haka abin yake a Land Cruiser 70 da 105, da tsohuwar Hilux mai aksul guda, da Nissan Patrol, har da ƙaramar Suzuki Jimny. Kowa ya fara leƙa ƙarƙashin motarsa kafin ya ba da fatawa.

Mai_Jif: Na karɓi gyara, Oga. Na ɗauka duk ɗaya ne.

Dan_Tamanin: Alhamdu lillahi, hankalina ya ɗan kwanta. Oga_Sifana, don Allah a ɗan zayyana mini yadda ake bi.

Oga_Sifana: Kafin komai, kada ka shiga ƙarƙashin motar nan tana kan jak kaɗai. Nauyinta ya haura tan 2. Ka ɗora aksul a kan ƙafafun ƙarfe, ka sa wa tayoyin baya waigi.

Ka fara kwance notin awo kafin na zubarwa, duka sifana 24 ce ke kwance su. Na ga wanda ya zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa, ya zauna da aksul ba mai. Ka cire taya, ka kwance kan birki ka rataye shi da waya, kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyonsa. Ka ɓamɓare ƙaramin murfin tsakiyar hob, wato cibiyar da taya ke ɗaure a jikinta, za ka ga zoben ƙulle a bakin shaf, ka cire da filaya. Sai faranti mai noti 6. A nan ne mutane ke fara zufa, don a ƙarƙashin kowane noti akwai washa mai siffar mazurari da ke kama kusar gam. Kada ka tura sukundireba tsakanin farantin da hob, za ka ɓata fuskar. Ka mayar da notin daidai bakin kusa, ka ɗora guntun tagulla ka buga da guduma, za ka ga washar ta yi tsalle da kanta.

Bayan nan manyan noti biyu, 54, da washa mai kunne a tsakaninsu. Ka miƙe kunnen tukuna. Ka nemi sokat 54, kada ka sa kurfi da guduma kamar yadda wasu ke yi. Sai hob ya fito tare da faifan birki, ka tallabe boris na waje kada ya faɗi cikin ƙasa. Kusoshi 8 ne ke riƙe da sandar da boris ke hawa, ka kwance, ka ɗan bubbuga ta da tagulla ta saki. Idan motarka na da ABS ka zare na'urarsa daga jikin gwiwa kafin ka ja komai. Daga nan ka kama kan bafil, wato babban gaɓar shaf ɗin, ka juya shi har ɓangarorinsa biyu da aka shafe su kalli sama da ƙasa, a haka kaɗai yake wucewa. Ka jawo shi da shaf ɗinsa. Ka share ƙazantar, ka haska fitila, ga sil ɗinka can yana kallonka.

Yaron_Gareji: Oga ya manta bai faɗi tsumma ba. Malam, duk yawan tsumman da ka tanada ka ninka shi uku. Ranar da na fara wannan aikin har cikin kunnena sai da na samu giris.

Baba_Direba: Yaro ya yi gaskiya. Amma ni tambayata ɗaya ce ga mai mota: ka duba mashaƙar iskar aksul? Shekara 30 da wani abu ina jan irin waɗannan motoci a daji, kuma yawancin yoyon da na gani daga nan ya faro. A saman aksul akwai ɗan hanci da siririn tiyo, a ƙarshensa da ɗan murfi. In ka yi tafiya mai ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura, ta nan take fita. Idan laka ta toshe shi, ina iskar za ta bi? Sai ta tura mai ta bakin sil. Ka sa sabon sil sau goma, in hancin nan a toshe yake, sau goma zai yi yoyo. Ka cire tiyon ka hura da baki, in bai wuce ba ka samo ɓarawonka.

Dan_Tamanin: Baba, wallahi ban ma san da shi ba. Amma da na kwance notin awo jiya na ji wani huci ya fito, fuuu. Na ɗauka haka yake yi.

Baba_Direba: To ka ji. Lafiyayyen aksul ba ya huci.

Sarkin_Sauri: Ni fa ina ganin ana wahalar da bawan Allah ne. Mota ce mai shekara kusan 30. Ka zuba mata mai mai kauri, 85W-140, ka ƙara da maganin tsayar da yoyo, ka riƙa cikawa duk wata. Tawa shekara biyu ke nan a haka, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba.

Injiniya_Binta: Malam Sarkin_Sauri, ba ta ajiye ka ba tukuna dai. Maganin tsayar da yoyo roba yake ɗan kumburawa, ba ya mayar da leɓen da ya riga ya cinye. Kuma asarar mai ita ce ƙaramar matsalar. Bafil da boris biyu na gwiwa, na sama da na ƙasa, da giris aka yi su su zauna. Man giya ya wanke shi, ya zube, na saman nan ya koma a bushe. Sannan abin ba hanya ɗaya yake bi ba, giris ma yana komawa cikin aksul, mai ya yi kauri ya koma launin toka. Uwa uba, shi mai tambaya ya ce yana ɗiga cikin taya. Ranar da ya kai ga faifan birki, ƙafa ɗaya za ta kama ɗaya ta sulale, motar ta fizge shi gefe. Wannan ba maganar kuɗin mai ba ce kuma.

Sarkin_Sauri: Hajiya, ni tawa ba ta kai ga birki ba.

Injiniya_Binta: Allah ya sa ta ɗore a haka. Wace iri ce taka?

Sarkin_Sauri: Land Cruiser 75, mai hob da ake murɗawa da hannu.

Injiniya_Binta: Ka ga bambancin. Kai in ka saki hob, shaf ɗinka na gaba barci suke yi, sai ranar da ka sa fowil, wato jan ƙafa huɗu. Tasa kullum juyawa suke, ko a kwalta. Abin da ka jure shekara biyu, shi ba zai jure wata shida ba.

Mai_Hilux_Sabuwa: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni ma tawa tana jiƙewa a gaba, amma ban ga wani ƙwallo ba. Hilux ce ta 2012.

Oga_Sifana: Taka kowace ƙafa zaman kanta take yi, ba aksul guda ba ne. Sil ɗinki ko naka, ban san da wa nake magana ba, yana jikin akwatin giyar gaba ne, daidai inda shaf mai riga ta roba yake shiga. A saki ƙafar, a ɓalle shaf ɗin daga akwatin, a canza. Ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Amma a tabbatar mai ne, ba rigar roba ce ta yage tana watsa giris ba.

Mai_Hilux_Sabuwa: Namiji ne, Oga. Na gode, zan leƙa.

Dan_Tamanin: Tambaya ta gaba. Tunda sil ɗin na fitowa ba tare da an cire gwiwar kanta ba, in canza shi kaɗai in rufe? Kuma ƙafar dama ba ta yoyo, in ƙyale ta?

Oga_Sifana: Ni a garejina ba na yin rabin aiki. Ka riga ka kai ƙofa, saura kusoshi 2 na sama da noti 4 na ƙasa da zoben bayan gwiwa. Ka sayi cikakken saiti: sil na ciki, boris na gwiwa, zoben ulu da na roba masu share ƙwallo, gasket, washa mai kunne, sil na hob. Ka yi ƙafa biyu rana ɗaya. Tare aka haife su, tare suka tsufa.

Malam_Lissafi: Ni a nan na saɓa da Oga. Wanda bai taɓa yi ba, ya kwance ƙafa biyu lokaci guda, in ya rikice ba shi da inda zai kalla. Gara ya yi ɗaya ya gama, ɗayar na nan a haɗe tana zame masa madubi. Sannan cire gwiwa na da tarko. A ƙarƙashin murfin sama akwai siraran faranti, shim, a wasu motocin har da ƙasa, kuma ba ado ba ne. Su ke saita matsin boris, a motocin da ke da na sama da na ƙasa kuma su ke sa shaf ya zauna daidai tsakiyar sil. Wani bakanike ya taɓa yi mini aikin nan, ya zuba su duka a kwano ɗaya ya wanke, ya mayar yadda ya ga dama. Sati uku sabon sil ya fara zuba, don shaf ya karkata yana cin leɓe ɗaya. Sai da aka sake buɗewa. Duk wanda ka cire ka ɗaure shi da waya a jikin abin da ka same shi, ka rubuta sama ko ƙasa, hagu ko dama.

Oga_Sifana: Maganar shim gaskiya ce, ban musa ba. Kuma na yarda ya yi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar tsohon boris ɗin da ya sha wanka da man giya. Ka cire ka ga zoben da yake birgima a kai, za ka tarar da layi-layi kamar an zana da ƙusa, don shi boris ɗin gwiwa ba ya zagayawa, wuri ɗaya yake ta dukan tsiya. Shi ke kawo rawar sitiyari in ka taka rami. Bayan ka haɗa, kafin ka sa shaf da sandar sitiyari, ka maƙala ƙaramin sikeli mai ƙugiya a hannun gwiwa ka ja. A 80 ana son ya motsa tsakanin kilo 2.5 zuwa 4.5. Notin hannun kuma 96 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, ka ɗaure da sifanar awo, don waɗannan in suka saki, sitiyari ne ya rabu da taya.

Yaron_Gareji: Wani abu da na koya da kuka: wajen buga sabon sil. Akwai siririn sifirin zagaye a bayan leɓensa. In ka buga da ƙarfi yana iya faɗowa ciki ba ka sani ba, ka haɗa komai, washegari yoyo. Oganmu yana cusa ɗan giris a ramin ya riƙe sifirin ɗin kafin ya buga. Ɓangaren sifirin shi ke kallon mai, wato ciki. A shafa wa leɓen mai, kada ya fara aiki a bushe. Kuma a buga shi daidai wa daida da abin da ya yi faɗinsa, in ya shiga a karkace a cire a sa wani, kada a ce za a gyara shi da guduma.

Injiniya_Binta: Yaron nan zai yi nisa. In ƙara da ɗaya: wajen zaro tsohon, a kula kada ƙugiya ta karce mazauninsa. Kuma kafin a yi murna a duba shaf ɗin, daidai inda leɓen sil ke hawa. Roba ce, amma shekaru da ƙura suna sa ta yanka ƙarfe. Ka bi wurin da farce. In farce ya maƙale, akwai kwari, kuma sabon leɓe in ya faɗa cikin tsohon kwari ba zai riƙe ba. Mafita uku ce: a zaunar da sil ɗin ya ɗan goce daga tsohon wurin da kamar milimita 2, ko a saka wa shaf siririyar rigar ƙarfe da ake yi don haka, ko a canza shaf.

Mai_Jif: Tunda an kore ni daga maganar Toyota, bari in yi wa masu irin tawa bayani, kada wani ya karanta na sama ya je yana neman sil a bakin taya. A Dana 30 kusoshi 3 ne masu kai 13 mai tsini 12 ke riƙe da hob ta baya. In ka kwance su, hob da shaf suna fitowa tare, ba sai ka taɓa babban noti 36 ba. Ka buɗe murfi, ka yi wa maƙallan boris biyu alama da kurfi kafin ka kwance, don kowanne da gefensa da fuskarsa, ba a musanya su. Ka ɗago kan giyar a hankali da ƙarfe biyu, yana da nauyi kuma a matse yake, ka shimfiɗa wani abu a ƙasa. Zoben boris na hagu ya koma hagu. Tsofaffin sil ɗin da dogon ƙarfe ake turo su daga waje su faɗo ciki. Sababbin kuma ba wurin lilo da guduma, sai na haɗa dogon ƙarfe mai zare da noti da manyan washa, ina ɗaurewa yana tura sil ɗin mazauninsa.

Kuskuren da na yi: ban wanke bututun ba. Shekara da shekaru yashi na kwance a ciki, da na tura shaf sai bakinsa ya kwashi yashin ya kai wa sabon sil. Karo na biyu sai da na ɗaura tsumma a sanda na yi ta zurawa har ya fito fes.

Oga_Sifana: Yanzu ka yi magana. Kuma a taku, ko an yi aiki daidai, ragowar man da ya kwanta a bututu yana iya ɗiga na 'yan kwanaki. Mutum ya ɗauka aiki ya ɓaci alhali tsohon mai ne ke fita.

Dan_Landrover: Ku dai kuna ta faɗa da mai kada ya shiga gwiwa. Mu tsofaffin Land Rover da gangan ake zuba wa gwiwa man giya 90, har da notin awo da na zubarwa a jikinta. Daga baya ne aka koma wani giris mai ruwa-ruwa. To in mai na kashe bafil, me ya sa namu bai mutu ba?

Malam_Lissafi: Tambaya mai kyau. Ba man ne ke kashe shi ba, rashinsa ne. Taku an yi mata sil na roba babba da zai riƙe mai a jikin ƙwallo mai sulɓi. Tasu ulu ne da roba, ƙura suke sharewa, giris mai kauri kaɗai suke iya tsarewa. Mai ya shigo, ya narkar da giris, su fice tare, a bar gaɓa ba wan ba ƙanin.

Baba_Direba: Kuma ku naku ai ba a cewa yana yoyo, sai dai a ce yana sa hannu a duk inda ya kwana.

Dan_Landrover: Baba, a bar tone-tone.

Dan_Tamanin: Wane giris zan saya? Mai shago ya ce duk ɗaya ne.

Injiniya_Binta: Ba ɗaya ba ne. Gwiwa da bafil suna son baƙin nan mai moli, lamba 2. Ka cusa shi cikin bafil har ya fito ta ɗaya gefen, gwiwar kuma ka cika kamar kashi uku cikin huɗu, kada ka danƙare ta. Boris ɗin taya kuma nasa daban, giris na boris mai jure zafi. Man aksul GL-5, 80W-90, ka tanadi lita 3, ka zuba motar na tsaye a wuri mai daidai har ya fara dawowa ta ramin awo. Tunda giris ya riga ya shiga ciki, ka yi 'yar tafiya da sabon man ka sake zubarwa.

Sarkin_Sauri: Ni giris ɗaya nake sa wa komai, har ƙofar gida.

Oga_Sifana: Mun sani, Sarki. Malam Dan_Tamanin, saura wuri ɗaya da ke kashe sabon sil tun bai fara aiki ba: mayar da shaf. Musamman dogon. Kana turawa bakinsa na sunkuyawa, ya ƙi shiga haƙoran giya, kai kuma ka gaji ka sake masa nauyi a kan leɓen sil, ko ka kawo guduma. Kada ka yi. Ka tallabe shi, in ya kusa ƙarshe ka danna kan bafil ƙasa kaɗan don bakin can ya ɗaga, kana juyawa a hankali, za ka ji ya faɗa da kansa. Wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci rabin awa kana jiƙe da gumi. Ka kuma duba bushin tagulla da ke cikin sandar boris, in ya cinye bafil zai riƙa rawa, rawar kuma a kan sil take ƙarewa.

Notin boris: ka ɗaure na ciki zuwa 59 Nm, ka juya hob ya zauna, ka sassauta, ka sake ɗaurewa ɗan kaɗan, sannan washa mai kunne sabuwa, sannan na waje 64 Nm. Ka lanƙwasa kunne ɗaya ciki ɗaya waje.

Yaron_Gareji: Oga, in bafil na ƙas-ƙas wajen kwana fa? Na ji ana musanya na hagu da na dama.

Oga_Sifana: Ana yi, don ɗaya fuskar da ba ta ci ba ta karɓi aiki. Amma sai ka raba bafil da shaf, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma zoben ƙullen ciki yakan karye, sai da sabo a hannu. Ni ina ganin jinkirta sayen sabo ne kawai.

Malam_Lissafi: Jinkirin da ya kai ni shekara huɗu ban ji ƙas ba, Oga.

Baba_Direba: Ku dawo kan hancin nan dai. In kana shiga ruwa, ka ƙara wa tiyon tsawo ka kai shi sama cikin ɗakin inji. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo duk abin da ke kusa. In hanci na ƙarƙashin ruwa ko a toshe, ruwa zai sha, ko ta hancin ko ta sil. Ka kwance ka ga mai ya yi fari-fari da kumfa, to ya sha.

Dan_Tamanin: Jama'a na dawo da rahoto. Kwana biyu na yi a ƙafar hagu kaɗai. Baba, hancin a toshe yake ƙam, sai da na sa waya na tono busasshiyar laka, na canza tiyon. Washa mai mazurari guda ɗaya ta ci mini awa guda. Cikin gwiwar babu giris ko na shafawa, wani baƙin ruwa ne kawai ya kwararo mini a takalmi. Boris na sama ya yi layin da Oga ya faɗa, na canza duka biyun, shim kowanne ya koma inda na same shi, sikeli ya nuna kilo 4. Hajiya, farcena ya maƙale a jikin shaf, amma kaɗan, sai na bar sil ɗin bai kai tsohon wurin ba. Sil na farko na lanƙwasa shi wajen bugawa, Allah ya sa biyu ne a saitin, don haka na dama ya tafi, sai na sayo wani. Na canza fatun birki ma, sun jiƙe.

Yau kwana biyar. Mai bai ragu ba, amma da safe na ga ɗan danshi baƙi a ƙasan ƙwallon. Gabana ya faɗi.

Yaron_Gareji: Ka shafa a yatsa ka sansana, Malam. In ba warin man giya, sabon giris ne zoben ulu ke sharowa, haka yake yi da farko.

Injiniya_Binta: Zai iya zama hakan. Zai kuma iya zama kwarin nan ne, in gocewar da ka yi ba ta isa ba. Ka share shi tas, ka yi sati kana dubawa. Mai kauri da ke tsayawa wuri ɗaya ba komai, wanda ke gangarowa shi ne magana.

Malam_Lissafi: Ni da rigar ƙarfen ka sa tun farko.

Oga_Sifana: Kwarin da farce ya ɗan taɓa ba ya bukatar riga. Na bar irinsa ya fi a ƙirga. Yaushe za ka yi ta dama?

Sarkin_Sauri: Ta dama da ba ta yi masa laifin komai ba?

Dan_Tamanin: Na sansana, hancina ya kasa rabewa, duk hannuna warin man giya yake tun ranar. Na share na ɗauki hoto, zan sake dubawa ranar Asabar. Ta dama kuma sai sil ya iso. Oga, sokat 54 ɗin da na samu bakinsa ya yi kauri, da ƙyar yake shiga hob, haka naka yake ko akwai siriri?